Awon shirin da lise ke yi wa ɗalibi don jami'a da aiki: abin da sakamakon bak ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

0. Gabatarwa

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar bakaloreya ya fito a cikin damina, lissafi guda ne ke yawo a rediyo da jaridu da bakin iyaye, wato mutum nawa cikin ɗari suka ci. Daga 2021 zuwa 2023 wannan kaso bai kai 30 cikin 100 ba a Nijar ko sau ɗaya. Da shi ake yabon makaranta, da shi ake kushe ta, kuma shi ne makarantu masu zaman kansu ke rubutawa da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. A cikin wannan maƙala za mu duba ko wannan lissafi yana iya ɗaukar kayan da ake ɗora masa, ma'ana ko yana gaya mana cewa lise ta shirya ɗalibi ga karatun jami'a da kuma neman abin kai. Ra'ayinmu shi ne bai iya ba. Shiri abu ne da ba a tabbatar da shi sai a gaba, bayan ɗalibi ya bar makarantar, saboda haka duk ma'aunin da ya tsaya a ranar fitar sakamako ya tsaya ne kafin a zo wurin awo.

Idan muka ce lise muna nufin shekaru uku na ƙarshen sakandare (seconde, première, terminale), waɗanda ke biye da shekaru huɗu na kolej da jarrabawar BEPC. Bakaloreya kuwa za mu riƙa kiranta bak, kamar yadda kowa ke faɗi.

1. Jarrabawa ɗaya, aiki biyu

Bak gadon Faransa ne. Dokar Napoliyon ta 17 ga Maris 1808 ce ta kafa shi, kuma tun a lokacin an ɗauke shi a matsayin matakin farko na digirorin jami'a, ba takardar sallama daga sakandare kawai ba. Wannan ne dalilin da ya sa a Nijar jami'ar Yamai, wadda aka buɗe a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a a 1973, aka kuma ba ta sunan Abdou Moumouni a 1992, ta daɗe tana riƙe da shirya jarrabawar da kanta kafin a miƙa aikin ga ofishi na musamman, OBEECS. Bak ke nan yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana shaida cewa an gama, yana kuma buɗe ƙofar shiga.

Maƙwabtanmu na Nijeriya sun raba ayyukan biyu. WAEC (1952) da NECO (1999) suna shaida gamawa, JAMB (1978) tana shirya jarrabawar shiga, kuma a 2005 jami'o'in suka ƙara tasu tantancewar a kan ta JAMB. Ba muna cewa tsarinsu ya fi ba, yawan jarrabawa ba shi ne ingancin awo ba. Abin lura shi ne a can an fito fili an yarda cewa «ya gama» da «zai iya» tambayoyi biyu ne. A wurinmu takarda ɗaya ta rufe su duka, har muka saba da ɗaukar amsar ta farko a matsayin amsar ta biyu.

2. Aibin kason cin bak

2.1. Tankaɗe

Kason cin bak ana samun sa ne ta hanyar raba adadin waɗanda suka ci da adadin waɗanda suka zauna jarrabawar. Duk wanda ke da iko a kan adadi na biyu yana da iko a kan sakamakon. Mu ƙaddara, don misali kawai, lise biyu da kowace ta ɗauki ɗalibai 100 a ajin seconde. Ta farko ta yi ta tankaɗe, wasu ta kore su, wasu ta ba su shawarar su nemi wani wuri, wasu ta ce su yi rajista a matsayin ƴan takara masu zaman kansu. Ta kai 40 zauren jarrabawa, 32 suka ci. Kasonta 80 cikin 100. Ta biyu ta riƙe 90 har ƙarshe, 45 suka ci. Kasonta 50 cikin 100. A allon ƙofa ta farko ce gwana. Amma daga cikin yara 100 da iyaye suka damƙa wa kowace, ta biyu ta fitar da masu bak 45, ta farko 32. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi gargaɗi tun shekarun 1970 cewa da zarar an mai da wani lissafi abin yanke hukunci a kan mutane, mutanen za su koma yi wa lissafin aiki maimakon abin da aka so a auna da shi. Ba sai shugaban makaranta ya zama macuci ba kafin hakan ta faru. Ya isa a ce kuɗin makarantarsa na baɗi sun rataya a kan kason bana.

Akwai kuma matsalar ƙaramin adadi. Galibin ƴan takara suna cikin rukunin A4 da D. Rukunin C, na lissafi da kimiyya, mutanensa kaɗan ne. A ajin da ke da ɗalibai 12, mutum ɗaya ya fi kashi 8 cikin 100. Zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da yara biyu a makon jarrabawa ya isa ya sauko da makaranta daga sama zuwa tsakiya a jerin gwanaye.

2.2. Uwa da riba

Aibi na biyu ya fi zurfi. Ɗalibi yana shigowa lise da jarinsa: abin da ya koya a firamare da kolej, faransancin da ake yi ko ba a yi a gidansu, fitilar karatu, littattafai. Abin da makaranta ta ƙara a kan wannan jari shi ne ribarta, kuma ribar ce ya kamata a auna. Kason cin bak yana haɗa uwa da riba ya miƙa wa makaranta duka. Makarantun da ke zaɓar ɗalibansu tun daga shiga, irin su Lycée d'Excellence da Prytanée militaire na Yamai, an kafa su ne domin su tara zaɓaɓɓu, kuma babu laifi a cikin haka. Kuskuren yana wurin mai jera sakamakonsu a layi ɗaya da na lise ta gwamnati a wani gari na karkara, wadda ke karɓar duk wanda aka turo mata, sannan ya ce ya gano wadda ta fi iya koyarwa.

Ma'aikatar ilimi ta Faransa ta fuskanci wannan batu bayan jaridu sun fara buga jerin gwanayen lise. Tun 1994, lokacin da Claude Thélot ke shugabantar sashen ƙididdiga da awo, take fitar da ma'aunai da yawa ga kowace lise a maimakon guda. Ban da kason ci, akwai kason isa («taux d'accès»), wato damar da ɗalibin da ya shiga seconde ke da ita ta samun bak a wannan makaranta ko da ya maimaita aji. Sannan ga kowane ma'auni ana lissafa abin da ake tsammani bisa ga irin ɗaliban da makarantar ta karɓa, ta fuskar shekarunsu da sana'ar iyayensu, daga baya aka ƙara da makin da suka samu a jarrabawar ƙarshen kolej. Tazarar da ke tsakanin abin da aka samu da abin da aka yi tsammani ita suka kira «valeur ajoutée», mu kuma muka kira riba.

Dabarar mai kyau ce, amma tiyar wata kasuwa ba ta awo a wata sai an daidaita ta. Rabe-raben sana'o'in iyaye na Faransa ba su da amfani sosai a nan. Kalmar «ɗan kasuwa» a takardar rajista tana ɗauke da mai tebur a bakin titi da Alhajin da ke shigo da kaya daga Kwatano. «Manomi» kuwa ta haɗiye mafi yawan ƙasar. Abubuwan da muke ganin sun fi bambanta ɗalibanmu wasu ne: ko yaro yana zaune gidan iyayensa ko gidan mai masauki a garin da lise take, nisan tafiyarsa, ko akwai wuta a gidan, harshen da ake yi a gida, ko yana wata sana'a bayan an tashi, da kuma, ga ƴan mata, nauyin aikin gida da maganar aure. A ɓangaren makaranta kuma akwai lissafin da ya fi kowane sauƙin yi amma ba a cika buga shi ba, wato kwana nawa aka yi darasi da gaske a shekara, bayan an cire jinkirin buɗewa da yajin aiki da watannin da aji ya zauna babu malamin lissafi ko na falsafa. A jihohin Tilaberi da Difa, inda rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun baya-bayan nan, duk awon da bai sa wannan a lissafi ba zalunci ne.

3. Bin sawu zuwa jami'a

Ko da an gyara duk abin da muka ambata, har yanzu muna cikin harabar lise. Cewa ɗalibi «ya shirya» hasashe ne a kan abin da zai faru da shi, kuma hasashe ba a gane gaskiyarsa sai an jira. A Amurka, inda dokar ilimi ta 2015 ta ba jihohi damar sa shirin jami'a da aiki cikin ma'aunan makarantu, hukumar jarrabawa ta ACT ta bi wannan hanya: ta haɗa makin da ɗalibai suka samu a jarrabawarta da makin da suka samu daga baya a darussan shekarar farko ta jami'a, ta fitar da iyaka ga kowane fanni. Wanda ya kai iyakar yana da damar kusan 50 cikin 100 ta samun maki mai kyau (B ko sama) a darasin da ya dace, da kusan 75 cikin 100 ta tsallakewa da C ko sama. Ana iya sukar jarrabawar kanta, amma iyakar ba a zaune aka yanke ta ba, daga abin da ya sami ɗalibai na gaske aka ciro ta.

Mu iyakarmu ita ce 10 bisa 20, sai lambobin yabo a 12 da 14 da 16. Tambayar da ta kamata mu yi mai sauƙi ce: cikin waɗanda suka ci bak D da matsakaicin maki 10, nawa ne suka kammala zango biyu na farko a tsangayar kimiyya ba tare da maimaici ba, kuma nawa ne cikin masu 12? Wanda ya ci tun zagaye na farko da wanda sai a zagaye na biyu ya tsira, shin sawunsu ya bambanta? Makin falsafa ko na faransanci a bak A4 yana da wata alaƙa da abin da ɗalibi ke yi a sashen shari'a ko na kimiyyar harshe? Tsarin LMD, wanda ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta da su bi a 2007, ya ma sauƙaƙa aikin, tun da yana ƙirga abin da ɗalibi ya samu zango-zango, 30 a kowane zango, 180 a digirin farko. Bayanan suna nan, rabi a ofishin bak, rabi a ofisoshin rajista na tsangayoyi. Abin da ya rage shi ne ɗinki.

Ɗinkin kuwa yana da wata wahala da masu nazarin harshe za su fi kowa ganewa. Sunan mutum ɗaya yana iya fitowa Mahamadou a takardar haihuwa, Mamadou a jerin bak, Mohamed a katin jami'a. Haka Issoufou da Youssouf, Abdoulaye da Abdoulahi. Yawancinmu ba mu da sunan dangi mai ɗorewa, sunan yanka ne da sunan uba, kuma wani magatakarda ya sa na uba a gaba, wani ya sa shi a baya. Ranar haihuwa ma ba ta ceto: waɗanda aka yi wa takarda a kotu daga baya da yawansu an rubuta musu 1 ga Janairu, ko kuma «wajen shekara kaza». Kwamfuta ba za ta haɗa waɗannan da kanta ba sai an ba ta ƙa'idojin daidaita rubutun sunaye, ko kuma, abin da ya fi sauƙi, a riƙe lamba ɗaya da ke bin ɗalibi daga BEPC har digiri.

Sai dai a yi hattara da fassara. Faɗuwa a shekarar farko ba laifin lise ba ne ita kaɗai. Zauren lacca da ya cika ya batse, shekarar karatu da ta hau kan wata, kuɗin tallafi da suka makara, ɗalibin da aka tura sashen da bai zaɓa ba, duk suna cikin lissafin. Saboda haka kwatancen da ke da ma'ana shi ne tsakanin ɗaliban da suka zauna zaure ɗaya a shekara ɗaya amma suka fito daga lise daban-daban. Kuma Yamai ba ita ce duniya ba: tun 2010 akwai jami'o'i a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Dosso da Tilaberi, ga jami'ar Musulunci ta Say, ga makarantu masu zaman kansu da ke kai wa ga BTS, ga masu tafiya ƙetare. Lise da manyan ɗalibanta suka tafi Maroko ko Aljeriya za ta bayyana da rauni idan waɗanda suka rage a Yamai kawai aka ƙirga.

4. Ɓangaren aiki

A nan awo ya fi ƙaranci. Akwai lokacin da tambayar ba ta ma taso ba, domin gwamnati ce ke tsara inda mai bak zai yi karatu, ta ba shi tallafi, ta kuma ɗauke shi aiki idan ya gama. Faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 da shirye-shiryen tsuke bakin aljihu da suka biyo baya sun kawo ƙarshen wannan zamani, amma manhajar lise ta gama-gari ta ci gaba da tafiya kamar ofis na jiran kowa. Binciken aikin yi na 2017 da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa (INS) ta gudanar a cikin shirin UEMOA ya tabbatar da abin da ido ke gani, cewa mafi yawan masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista.

Abu na farko da ya kamata a tuna shi ne, idan ƙasa da kashi 30 suka ci, to mafi yawan waɗanda suka zauna jarrabawar shekarar sun fita hannu wofi. Wasu za su sake, wasu za su shiga gasar ɗaukar ma'aikata da takardar BEPC, ko makarantar kiwon lafiya, ko ta aikin gona ta Kollo, wasu kasuwa, wasu aure, wasu ci-rani. Su ma lise ta riƙe su shekara uku ko huɗu. Ma'aunin da bai tambayi abin da ta bar musu ba ya manta da mafi yawan ɗalibanta. Ga makarantun fasaha kuwa, irin su lise Dan Kassawa ta Maraɗi ko Issa Béri ta Yamai, kason cin jarrabawa ya fi zama ma'auni na gefe, tun da dalilin kafa su shi ne sana'a.

Hanyar da aka sani ita ce binciken bin sawu. Cibiyar Céreq ta Faransa tana ɗaukar waɗanda suka bar makaranta a shekara guda, da takarda ko babu, ta neme su bayan shekara uku ta tambaye su abin da suka yi wata-wata. Nijar tana da hukumomin da wannan aiki ya shafa, ANPE da ONEF. Abin da za mu ƙara shi ne a kula da kalmomin tambaya. «Kana aiki?» a kunnen Bahaushe tana nufin aikin albashi, matashin da ke gyaran waya a kasuwa yana ciyar da gida zai amsa da a'a. Sai an tambaye shi sana'a, ko abin da yake yi yana samun na cefane, kafin amsa ta fito. Takardar tambayoyi da aka tsara da faransanci, mai bincike ya riƙa fassara ta a tsaye yadda ya ga dama, tana ƙirga kalmomin mai binciken ne.

5. Harshen karatu

Mun zo inda sashenmu ke da abin faɗi. Abin da jami'a ke buƙata daga lise, kafin ilimin kowane fanni, shi ne wani irin harshe: iya karanta shafi ashirin a fitar da hujjar marubuci, iya sauraren lacca a rubuta abin da ya kamata ba tare da an yi shifta ba, iya jera dalilai a rubuce har su kai ga matsaya. Jim Cummins ya bambanta, tun 1979, harshen hira ta yau da kullum da harshen karatu, kuma bincikensa a kan yaran baƙi a Kanada ya nuna cewa na farko yana samuwa cikin shekara biyu ko kusa, na biyu kuwa yana ɗaukar biyar zuwa bakwai. Waɗannan yara ne da ke jin harshen makaranta a titi da talabijin. Ɗalibin Tasawa ko Madawa ba ya jin faransanci sai a aji.

Matsalar ba ta Afirka ba ce kaɗai. A 1965 Bourdieu da Passeron da de Saint Martin sun gwada ɗaliban jami'a a Faransa a kan kalmomin da malamansu ke amfani da su a lacca, suka tarar da rashin fahimta mai yawa, wanda malami da ɗalibi duka suke yi kamar ba su gani ba. Alain Coulon kuma, a 1997, ya nuna cewa zama ɗalibin jami'a sana'a ce da ake koyo, kuma wanda bai gane ƙa'idojinta da ba a faɗi ba a watannin farko shi ne ke ficewa. Idan haka ta faru da masu karatu cikin harshen uwa, sai a ƙiyasta namu. Gwajin PASEC na 2014 ya sami kashi 8,5 cikin 100 kawai na ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin da ake ɗauka isasshe a karatu. A 2019 adadin ya hau zuwa wajen 30. Ƴan ajin CM2 na 2014 da ba su maimaita ba su ne suka zauna bak a 2021. Gaskiya ne waɗanda suka kai terminale tsiraru ne da aka tace, amma daga wannan rijiya aka ɗebo su.

Bak yana auna wannan harshe, amma ta hanyar da za a iya kewaye ta. Dogon rubutun falsafa da sharhin nassi suna da siga sananniya, kuma ɗalibi mai ƙwazon hadda yana iya riƙe gabatarwa da tsari da maganganun manyan masana ya zuba su a inda ya dace. Ba mu raina hadda ba, al'adar karatunmu ta dā a kanta ta ginu, kuma tana da amfaninta. Amma ba ita ce jami'a ke tambaya ba. Abin da muke gani a takardun shekarar farko shi ne kalmomin fanni ba su ne ke kayar da ɗalibi ba, waɗannan yana haddace su. Ƙananan kalmomin haɗi ne: or, certes, dans la mesure où, à moins que, encore que. Wanda ya karanta certes bai san cewa mais na tafe ba zai ɗauki ra'ayin da marubuci ke shirin rusawa a matsayin ra'ayin marubucin. Sai kalmomin umarni, discuter, commenter, dégager, waɗanda ma'anarsu a takardar jarrabawa ta bambanta da ta hira. Sai kuma kalmomin da ke da fuska biyu: idan muka ce alamar harshe arbitraire ce, kamar yadda Saussure ya koyar, ɗalibi da yawa yana jin «zalunci», domin a nan ya saba gamuwa da kalmar.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗalibin nan da ya kasa da certes yana sarrafa «ko da yake», «alhali», «muddin», «sai dai idan» ba tare da tuntuɓe ba idan yana gardama da Hausa. Ya san «gari» na mutane da «gari» na tuwo ba ɗaya ba ne, tsawon wasali ya raba su, amma ya kasa bayyana abin da ake nufi da bambanci mai rarrabe ma'ana idan aka tambaye shi da faransanci. Takardar da ta faɗi ba ta gaya mana wanne ne ya gaza ba, tunanin ko harshen da aka nemi a zuba shi a ciki. Magungunan biyu kuwa daban suke.

A bisa doka bai kamata a ce harsunan gida baƙi ne a makaranta ba. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 (LOSEN) ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko, ya kuma zama darasi a mataki na biyu. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, sannan kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka galibin waɗanda ke isowa jami'a ba a taɓa koya musu rubuta harshensu ba. Wannan yana da sakamako a kan awo, yana kuma da sakamako a kan aiki: ma'aikaciyar asibiti, malamin gona, ma'aikacin banki a Birnin Ƙonni, duk da faransanci suka yi karatu, da Hausa ko Zabarmanci za su yi bayani, kuma babu jarrabawar da ta taɓa duba ko sun iya wannan juyi.

Abin da muke ba da shawara ƙarami ne, sashe ɗaya zai iya ɗaukarsa. A makon farko na shiga, kafin darasi ya fara tasiri, a yi wa sababbin ɗalibai gwaji mai kashi uku. Na farko, shafi daga littafin da za su karanta a zangon, an cire kalmomin haɗi an bar gurabe, bisa dabarar cike gurbi da Wilson Taylor ya fito da ita a 1953. Na biyu, lacca ta minti goma da aka naɗa, su saurara su yi rubutunsu, sannan su amsa tambayoyi daga abin da suka rubuta kawai. Na uku, ga wani rukuni da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, a ba ɗalibi wata matsala ya kare matsayinsa da baki, sau ɗaya da faransanci, sau ɗaya da harshen da ya fi ƙarfi a ciki, rabin rukunin su fara da wannan, rabi da wancan. Da baki muka ce, domin gwajin Hausa a rubuce zai auna rashin koyon ƙa'idar rubutu ne kawai.

Wanda ya yi kyau da harshensa ya gaza da faransanci yana buƙatar darasin harshen karatu. Wanda ya gaza a duka biyun yana buƙatar horo a kan gina hujja, kuma ƙarin nahawun faransanci ba zai yi masa komai ba. Za a sami kuma wanda ya fi ƙarfi da faransanci, musamman cikin ƴaƴan ma'aikata da suka tashi a Yamai. Shi jami'a ba za ta ba shi wahala ba, wahalarsa tana jiran sa a wurin aiki.

Kashi na uku shi ne mai tsada. Dole matsalolin biyu su yi daidai da nauyi ba tare da ɗaya ta zama fassarar ɗaya ba. Dole masu ba da maki su yarda tun farko cewa Hausar Adar da ta Gobir da ta Arewa da ta Damagaram duk Hausa ce, kuma aron kalmar faransanci a tsakiyar jimla ba gazawar tunani ba ne. Dole mutum biyu su saurari kowane naɗi dabam-dabam, a lissafa yawan saɓaninsu. Kuma ba za a tsaya a Hausa ba: ana buƙatar masu sauraro na Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, da na Larabci saboda ɗaliban makarantun faranko-arab. Makin ba zai shiga sakamakon ɗalibi ba, kuma ba za a fitar da sunan wata lise ba sai an tara aƙalla shekaru uku, saboda matsalar ƙaramin adadi da muka ambata a 2.1. A kan kowace takarda, ban da suna, ɗalibi zai rubuta lambar teburinsa ta bak, da shekarar, da cibiyar da ya zauna, da lise da ya yi seconde a cikinta idan ta bambanta da wadda ya yi terminale.